Kura da Shan Bugu, Gardi da Karɓar Kuɗi

Duk wanda ya zaga unguwannin Kano, Kaduna, Zariya ko Sakkwato da yammacin Asabar, zai tarar da rumfunan kwano cike maƙil da samari, kowa ya biya kuɗin shiga ya zauna a kan benci ya ƙura wa akwatin talabijin ido, ana kallon ƙwallon Ingila. Ana tashi kowa zai kama hanyar gida yana musun wa ya ci, wa ya sha kashi, amma da wuya a sami wanda zai tsaya ya tambayi kansa ina 'yan nairorin da ya miƙa a bakin ƙofa suka nufa. Mai rumfar zai cire kuɗin man janareta da ɗan abin da zai kai gida, sauran ya biya kuɗin wata na DStv. Kamfanin MultiChoice mai DStv, wanda asalinsa na Afirka ta Kudu ne, kuma tun watan Satumbar 2025 ya koma ƙarƙashin ikon Canal+ na Faransa, shi ma zai ɗebi kaso mai tsoka ya biya ladan izinin nuna wasannin ga masu gasar Firimiya. A cikin Ingila kaɗai, an sayar wa gidajen talabijin izinin nuna wannan gasa na shekaru huɗu, daga 2025 zuwa 2029, a kan zunzurutun kuɗi har fam biliyan 6.7. A zagayen cinikin 2022 zuwa 2025 kuwa, abin da gidajen talabijin na ƙasashen waje suka biya ya ɗara na cikin gida a karon farko. To, daga cikin wannan kuɗi na ƙasashen waje har da na yaron nan da ke zaune a kan benci.

Abin da ake son mai karatu ya gane tun daga farko shi ne, harkar fim da talabijin da watsa shirye-shirye ta daɗe da wuce matsayin wasa. Masana'anta ce kamar ta man fetur ko ta motoci, ƙasashe suna lissafa ta a cikin dukiyar da suke samarwa duk shekara, suna yi mata doka, suna kai ruwa rana da juna a kanta wajen ƙulla yarjejeniyar ciniki. Kuma idan aka bi diddigin yadda ake rabon wannan dukiya tsakanin ƙasashe, za a ga abu guda yana ta maimaita kansa: ribar tana tafiya ne wurin wanda ya mallaki haƙƙin abin da ake kallo da hanyar da yake bi ya isa ga mai kallo. Wanda ya sha wahalar shiryawa, matuƙar bai riƙe ɗaya daga cikin waɗannan biyun ba, ladan ƙwadago kawai zai tashi da shi.

Domin a san girman abin da ake magana a kai, a dubi waɗannan alƙaluma. A shekarar 2019, kafin annobar korona ta rufe gidajen kallo, kuɗin tikitin shiga sinima da aka tara a duniya baki ɗaya ya haura dala biliyan 42, kuma sama da biliyan 11 daga ciki a Amurka da Kanada aka tara su. A shekarar 2024 kamfanin Netflix shi kaɗai, wanda ke nuna fina-finai ta intanet, ya sami kuɗin shiga kimanin dala biliyan 39 daga masu biyan kuɗin wata da yawansu ya haura miliyan 300. A wannan shekarar dai YouTube ya tara kusan dala biliyan 36 daga tallace-tallace kawai. Kasafin kuɗin gwamnatin tarayyar Nijeriya na 2025 kuwa naira tiriliyan 54.99 ne, wanda idan aka juya shi zuwa dala bai kai biliyan 37 ba. Ke nan abin da kamfani guda mai sayar da kallo ya samu a shekara ya fi abin da gwamnatin ƙasa mai mutane sama da miliyan 200 ta tsara kashewa a kan tsaro da ilimi da lafiya da hanyoyi da biyan bashi gaba ɗaya.

Sanin kowa ne cewa wajen yawan fina-finai babu ƙasar da ta kamo ƙafar Indiya, domin a shekara guda takan fitar da fim sama da 1,500 a harsunan Hindi, Tamil, Telugu, Malayalam da sauransu. Ita ma Nijeriya an daɗe ana yi mata kirari da cewa tana sahun gaba wajen yawa, har Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce an shirya fim 2,599 a shekarar 2020. To amma yawan fim daban, yawan kuɗi daban. A shekarar 2023 gidajen sinima na Indiya sun tara kimanin dala biliyan 1.5, alhali na Amurka da Kanada sun tara kusan biliyan 9, duk da cewa yawan tikitin da aka sayar a ɓangarorin biyu bai yi nisa da juna ba. Dalili kuwa a fili yake, Ba'indiye yakan shiga sinima da abin da bai kai dala 2 ba, Ba'amurke kuwa sai ya ajiye sama da dala 10. Wannan na nufin ƙarfin aljihun mai kallo na cikin gida shi ne tushe na farko. Tushe na biyu shi ne iya kai hajar kasuwannin waje. Fim ɗin Avatar na 2009 ya tara kusan dala biliyan 2.9, kuma sama da kashi 70 cikin 100 na wannan kuɗi daga wajen Amurka da Kanada ya fito. Su ma Indiyawa sun ɗanɗani zaƙin kasuwar waje da fim ɗin Dangal na Aamir Khan, wanda a 2017 ya tara kuɗi a ƙasar Sin fiye da abin da ya tara a Indiya.

Ruwa ba ya tsami banza. Babakeren da Amurka ta yi a wannan kasuwa ba daga sama ya faɗo ba, kuma kyan fina-finanta kaɗai bai isa ya bayyana shi ba. Yaƙin duniya na ɗaya ya durƙusar da kamfanonin fim na Faransa da Italiya waɗanda a da su ne a gaba, sai kamfanonin Holiwud suka cike gurbin, suka buɗe ofisoshin rarraba fina-finai a manyan biranen duniya. A cikin gida kuma su ne masu shiryawa, su ne masu rarrabawa, su ne masu gidajen sinimar, har sai da kotun ƙolin ƙasar ta tilasta musu rabuwa da gidajen sinima a 1948. A 1945 manyan kamfanonin suka haɗa ƙungiya guda ta fitar da fim zuwa waje, wadda saboda yadda take zama da gwamnatoci tana ciniki da su aka riƙa yi mata laƙabi da ƙaramar ma'aikatar harkokin waje. Gwamnatin Amurka kuwa ba ta taɓa ɓoye cewa tana bayansu ba. A 1946, lokacin da Faransa ta fito daga yaƙi a talauce tana neman a yafe mata bashi a ƙara mata wani, cikin abubuwan da ta amince da su a yarjejeniyar Blum da Byrnes har da buɗe gidajen sinimarta ga fina-finan Amurka. Mahukuntan Amurka sun san cewa inda fim ya shiga, tufafi da abin sha da mota da salon rayuwar da ke cikinsa za su bi sawu.

Wani abin lura kuma shi ne yadda waɗannan kamfanoni suke ɗaukar tsohon fim tamkar gona ko gidan haya. A 2019 kamfanin Disney ya sayi mafi yawan kadarorin kamfanin Fox a kan dala biliyan 71.3. A 2022 Amazon ya kammala sayen MGM a kan kusan dala biliyan 8.5, kuma babban abin da ya saya shi ne rumbun tsofaffin fina-finai kimanin 4,000, waɗanda da yawa daga cikin 'yan wasansu sun daɗe a kabari. Fim ɗin da aka gama kashe masa kuɗi shekara hamsin da suka wuce, har gobe ana ba da hayarsa ga gidajen talabijin na duniya, kuɗi na shigowa ba tare da an sake ɗaga kyamara ba. Wannan shi ne amfanin haƙƙin mallaka a inda ake kare shi.

To amma ba kowace ƙasa ce ta naɗe hannu ta zuba ido ba. Faransawa, bayan sun ji raɗaɗin yarjejeniyar 1946, sun kafa hukumar kula da harkar sinima a wannan shekarar, sa'annan daga 1948 suka ɗora haraji a kan kowane tikitin shiga kallo, wanda a shekarun baya-bayan nan yake kusan kashi 11 cikin 100. Hikimar ita ce, ko fim ɗin Amurka mutum ya shiga kallo, wani kaso na kuɗinsa zai faɗa asusun da ake tallafa wa fina-finan Faransa da shi. Daga baya aka faɗaɗa harajin ya haɗa da gidajen talabijin da masu nuna fim ta intanet. A 1993, lokacin tattaunawar yarjejeniyar cinikin duniya ta GATT, Faransa ta kafe a kan cewa ba za a ɗauki fim da shirin talabijin kamar sauran haja ba, kuma ta yi nasara. Sakamakon haka, a yawancin shekaru fina-finan gida sukan ci kusan kashi 40 cikin 100 na kasuwar sinimar Faransa, abin da maƙwabtanta da dama ba su samu ba. Ita ma Tarayyar Turai ta yi doka a 2018 cewa dole ne aƙalla kashi 30 cikin 100 na abin da irin su Netflix ke ajiye wa masu kallo a ƙasashenta ya zama na Turai.

Ƙasar Sin ta bi tata hanyar, wadda ta fi tsauri. Tun 2012 ta ƙayyade fina-finan waje da za a shigo da su bisa tsarin raba riba zuwa 34 a shekara, kuma kashi 25 cikin 100 kawai na cinikin ake bai wa mai fim ɗin. A lokaci guda ta duƙufa wajen gina gidajen kallo har allunan sinimarta suka haura 80,000, wato ninki biyu na na Amurka. A 2020 kasuwar sinimarta ta wuce ta Amurka da Kanada a karon farko, kuma a 2025 wani fim ɗin zane na cikin gida mai suna Ne Zha 2 ya tara sama da dala biliyan 2, kusan dukkansu daga aljihun 'yan ƙasar. Tun kafin waɗannan duka, a ƙasar Masar, attajirin nan Ɗal'at Harb wanda ya kafa Bankin Misra ya gina Situdiyo Misra a 1935 da kuɗin bankin, abin da ya sa Alƙahira ta zama cibiyar fim ta ƙasashen Larabawa na tsawon shekaru, har karin Larabcin Masar ya zama wanda ake ganewa daga Maroko zuwa Iraƙi. A wannan zamanin kuma Turkiyya tana sayar da wasannin kwaikwayonta na talabijin ga ƙasashe sama da 150, tana samun ɗaruruwan miliyoyin daloli duk shekara, ban da masu yawon buɗe ido da suke jawo mata. Shirin Ertugrul, wanda gidan talabijin na gwamnatin ƙasar ya nuna daga 2014 zuwa 2019, samari da yawa a nan sun san shi.

Labarin Koriya ta Kudu shi ya fi dacewa a tsaya a kansa, domin yana ɗauke da darasi biyu. A 1988, bayan matsin lambar Amurka, aka bai wa kamfanonin Holiwud damar rarraba fina-finansu kai tsaye a ƙasar. Masu shirya fim na gida suka fusata har wasu suka saki macizai a cikin gidajen sinima don korar 'yan kallo, amma hakan bai hana kasonsu na kasuwa faɗuwa zuwa kimanin kashi 16 cikin 100 a 1993 ba. A 1994 wani kwamitin ba da shawara ya gabatar wa shugaban ƙasar na lokacin, Kim Young-sam, rahoton da ya nuna cewa abin da fim guda, Jurassic Park, ya samu ya yi daidai da abin da za a samu daga sayar da motocin Hyundai miliyan 1.5 a ƙasashen waje. Wannan lissafi ya farkar da mahukunta. A 1995 aka yi dokar bunƙasa harkar fim, manyan kamfanoni irin su Samsung da Daewoo da CJ suka zuba jari, aka kuma tsaya kai da fata wajen aiwatar da dokar da ta wajabta wa kowane gidan sinima nuna fim ɗin gida na kwana 146 a shekara. Zuwa 2006 fina-finan gida sun mamaye sama da kashi 60 cikin 100 na kasuwar. A wannan shekarar aka rage kwanakin zuwa 73 saboda Amurka ta gindaya hakan kafin a zauna cinikin yarjejeniyar kasuwanci, amma a lokacin masana'antar ta riga ta tsaya da ƙafarta. A 2020 fim ɗin Parasite ya zama na farko da ba na Turanci ba da ya lashe babbar kyautar Oscar.

Darasi na biyu kuwa shi ne mai ɗaci. A 2021 shirin Squid Game ya girgiza duniya. Labarin na Koriya ne, 'yan wasan 'yan Koriya ne, marubuci kuma darakta Hwang Dong-hyuk ɗan Koriya ne wanda ya shafe kimanin shekara goma yana yawo da labarin ba a karɓa ba. An kashe kimanin dala miliyan 21 wajen shirya shi, kuma takardun cikin gida na Netflix da suka fito fili sun ƙiyasta amfanin da ya jawo wa kamfanin a kan kusan dala miliyan 900. To amma tun farko an sayar wa Netflix haƙƙin mallakar shirin ɗungurungum, saboda haka ladan da aka yi yarjejeniya a kansa kawai masu shi suka karɓa. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Ko ita Ingila da take alfahari da cewa an kashe fam biliyan 5.6 wajen ɗaukar fim da manyan shirye-shiryen talabijin a ƙasarta a 2024, mafi yawan wannan kuɗi na kamfanonin waje ne, galibi na Amurka. Ma'aikatan Ingila suna samun albashi, ribar kuwa tana tsallaka teku. Abin da ya rage wa Ingila a hannunta shi ne irin su BBC, wadda kowane gida mai kallon talabijin ke biya wa kuɗin lasisi, fam 169.50 a shekarar 2024.

Idan haka lamarin yake ga ƙasashe masu ƙarfi, ina ga ƙasar nan? Nijeriya ba baƙuwa ba ce a wannan fage. An buɗe gidan talabijin a Ibadan tun 1959, na Kaduna ya biyo baya a 1962, aka haɗa gidajen talabijin ƙarƙashin NTA a 1977, sa'annan dokar soja ta 1992 ta buɗe ƙofa ga 'yan kasuwa. A Kano, ƙungiyar wasan kwaikwayo ta Tumbin Giwa ta fitar da Turmin Danya a kaset ɗin bidiyo a 1990, kuma a kudu Living in Bondage ya fito a 1992. Ba gwamnati ce ta kafa wannan sana'a ba, samari ne da 'yan kasuwar kaset suka gina ta da gumin goshinsu. Lokacin da aka sake lissafin tattalin arzikin ƙasa a 2014, an gano cewa fim da waƙa da ɗaukar sauti suna samar da kimanin kashi 1.4 cikin 100 na dukiyar ƙasa, wato sama da naira biliyan 850 a lissafin wancan lokacin.

Abin takaici shi ne kwandon da ake tara wannan dukiya a ciki duk huji ne. Rahoton hukumar UNESCO na 2021 ya ƙiyasta cewa harkar fim da shirye-shiryen kallo a duk nahiyar Afirka tana samar da dala biliyan 5 a shekara tare da ayyukan yi miliyan 5, alhali tana iya kaiwa biliyan 20 da ayyuka miliyan 20. Rahoton ya ƙirga allunan sinima 1,653 kacal a nahiyar baki ɗaya, kuma ya ce satar fasaha tana cinye rabi zuwa kashi uku cikin huɗu na abin da ya kamata masu sana'ar su samu. A Nijeriya, cinikin sinima na duk shekarar 2024 bai wuce kimanin naira biliyan 11.5 ba, ƙasa da dala miliyan 8, kuma kusan rabinsa na fina-finan waje ne. Ke nan kuɗin da aka kashe wajen shirya Squid Game kaɗai ya kusa ninka cinikin sinimar ƙasar nan na shekara sau uku. An yi ta murna a farkon 2024 da fim ɗin Funke Akindele, A Tribe Called Judah, ya zama na farko na gida da ya haura naira biliyan 1, amma a kasuwar duniya wannan kimanin dala miliyan 1 ne. A watan Janairun wannan shekarar kuma kamfanin Amazon ya janye daga ɗaukar nauyin sababbin shirye-shirye a Afirka, waɗanda suka ɗora begensu a kansa suka wayi gari babu madafa.

A Arewa lamarin ya fi muni. Tun zamanin da Kwarori masu gidajen sinima suke shigo da fina-finan Indiya ana nunawa a irin su Rex da Palace da Plaza a Kano, kuɗin kallo waje yake fita. Da kaset da faifan CD suka zo, sai kasuwar Ƙofar Wambai ta zama cibiya, furodusa ya kai fim ɗinsa ya jira ciniki, kafin ya mayar da uwar kuɗinsa masu kwafi sun cika gari da na jabu. Da wayar hannu ta zo, sai masu tura fim a waya suka kashe kasuwar faifan gaba ɗaya. Yanzu mafita ta koma tashoshin tauraron ɗan'adam irin su Arewa24 da aka buɗe a 2014, da kuma YouTube, inda shirye-shirye masu dogon zango irin su Izzar So suka tara miliyoyin 'yan kallo. To amma a can ma mai rumfa shi ke yanka farashi. YouTube yana riƙe kashi 45 cikin 100 na kuɗin talla ya bai wa mai shiri 55, kuma abin da masu talla ke biya a kan idon ɗan Nijeriya ɗan kaɗan ne idan aka kwatanta da na Ba'amurke ko Bature. Kamfanin waya kuma ya riga ya karɓi kuɗin data tun kafin a danna. Ko na'urorin kama tashoshi da ke gidaje, da yawansu na MultiChoice ne ko na StarTimes na ƙasar Sin, wanda ya shigo da haɗin gwiwar NTA a 2010.

A nan dole a faɗi gaskiya ko da ba za ta yi wa kowa daɗi ba. Ƙorafin da iyaye da malamai ke yi game da abin da ke cikin fina-finai da yawa, na gida da na waje, ƙorafi ne mai tushe, kuma shi ya sa aka kafa hukumar tace fina-finai a Kano a 2001. Shi ne kuma ya sa a 2016 gwamnatin tarayya ta janye shirin gina ƙauyen fim na kusan naira biliyan 3 a Ƙofa bayan malamai da jama'a sun nuna ƙin amincewa. Abin tambaya shi ne, bayan an janye, kallon ya tsaya? Bai tsaya ba. Fina-finan Indiya da aka fassara da Hausa da na Koriya da na Turkiyya da na Amurka suna nan cikin aljihun kowane yaro, ba su bi ta gaban wata hukuma ba. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Al'ummar da ta bar wa wasu mallakar abin da 'ya'yanta ke kallo ta yi asara biyu, kuɗinta ya fita, kuma ba ta da bakin magana a kan abin da ake zuba musu a ƙwaƙwalwa. Mai kuɗin shiri shi ke zaɓar labarin da za a bayar, shi ke cewa a saka wannan a cire wancan.

Saboda haka akwai aiki a gaban kowa. Mahukunta su san cewa tace fim da kama 'yan wasa rabin aiki ne. An sa hannu a kan sabuwar dokar haƙƙin mallaka a 2023, saura a ga ta yi aiki a kasuwa da kan intanet. Babu abin da zai hana a yi koyi da Faransa, a ware wani kaso daga abin da kamfanonin tauraron ɗan'adam da na intanet ke kwasa a ƙasar nan, a zuba shi a asusun da za a bayyana lissafinsa ga jama'a, don horar da matasa da tallafa wa shirye-shiryen gida masu ma'ana. Attajirai kuma, waɗanda suka iya gina rukunin shaguna da gidajen mai a kowace kusurwa, su tuna da Ɗal'at Harb. Tarihin daular Usmaniyya ta Sakkwato, da na Borno, da na fataken da suka taka daga Kano zuwa Gwanja, duk yana nan ba a taɓa shi yadda ya kamata ba, kuma masu jin Hausa daga Nijar zuwa Gana da Kamaru da Chadi da Sudan kasuwa ce ta miliyoyin mutane da ke jiran mai kawo haja.

Su kuwa samari, waɗanda su ne mafi yawan masu kallo kuma su ne ke biyan kuɗin, abu na farko shi ne kowa ya zauna ya lissafa abin da yake kashewa a wata a kan data da gidan kallo, da sa'o'in da yake ƙararwa a gaban allo, ya tambayi kansa me ya dawo masa. Na biyu, wanda ya karɓi fim ɗin da aka sata ya sani haƙƙin wani ya ci, kuma da hannunsa yake taimakawa wajen kashe sana'ar ɗan'uwansa. Na uku, wanda Allah Ya ba sha'awar wannan fanni ya daina hangen fitowa a gaban kyamara kawai. Bayan kyamarar akwai rubutun labari, da ɗaukar hoto, da haɗa sauti, da tace hoto, da fassara, da zanen kwamfuta, da gina manhajar da za a nuna shirin a kanta, da sanin dokar kwangila da lissafin kuɗi, kuma a nan ne arzikin yake kwance. Duk wanda aka miƙo masa takardar yarjejeniya, ya karanta ta da kyau, ya nemi wanda ya san doka ya duba masa, ya san ko hayar shirinsa yake bayarwa na 'yan shekaru ko kuwa sayar da shi yake yi har abada. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, don haka gara masu sana'ar su haɗa kai su yi ciniki da murya ɗaya, kamar yadda kamfanonin Amurka suka yi tun 1945, da a riƙa tsintar su ɗaya bayan ɗaya a farashin da mai saye ya ga dama.

Allah Ya sa masu kunnen ji su ji. Wassalam.